Kawu Injiniya da Makunnan Laburare

Ranar Litinin da ƙarfe goma da kwata na safe, Ciyaman na kwamitin kula da laburare ya shigo ofishin Shugaba, bai ko zauna ba. Ya ce ya buɗe akwatin mita da ke bayan gini ya duba, ya ga laburaren yana shan wuta kamar masaƙa. Kwamiti ya yanke shawara, in har ƙarshen wata mita ba ta sauko ba, za a riƙa rufewa ƙarfe biyu na rana maimakon shida.

"Ranka ya daɗe, ai mutanen yamma su ne masu karatun," in ji Shugaba. "Masu tashi daga aiki, masu shirin jarrabawa."

"Su ma wutar suke sha."

Ya kaɗa makullin akwatin, ya jefa shi aljihu, ya fita. A akwatin nan mita take, babban makunnin ginin ma a ciki yake, makullin kuma shi ke nan guda ɗaya.

Shugaba mace ce mai bin abu daki-daki. Kafin a tashi ta gama shirinta. A kashe fitilun da ke kusa da tagogi tun da rana tana shigowa, a kashe kwamfutar da ba kowa a kanta, wanda ya fita ƙarshe ya bi makunnai ya kashe. Inda ta yi kuskure shi ne, da ta biya gaida mahaifiyarta, Inna, sai ta ba da labarin a gaban Kawu.

Kawu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekara talatin a kamfanin wuta, a sito, yana miƙa wa ma'aikata safar hannu da takalmin roba. Tun da ya yi ritaya ba ya amsa kira sai an ce Injiniya. Yana da wani ƙaton jan hankici da Inna ta ba shi, wanda yake zarowa ya goge wuya duk lokacin da zai yi magana mai nauyi. Ya zaro shi.

"Auta," ya ce wa Shugaba, don shi har yanzu da wannan sunan yake kiranta, "kina da ni a duniya kike kwana da wannan damuwar? Wutar garin nan kaf ta hannuna ta bi."

"Na riga na yi shiri, Kawu. Ƙaramin abu ne."

"Shirin kashe fitila? Wannan ai ko ɗan yaye ya iya. Ni mita in na kalle ta sau ɗaya sai ta rage gudu."

"Ki ba shi makullin laburaren mana," in ji Inna. Ta sassauta murya. "Tun da ya bar aiki ba abin da yake gyarawa sai rediyona. Ya kusa ƙarasa ta."

Shugaba ta yarda, amma da sharaɗi. Lungun ban-ɗaki kawai zai taɓa, inda ake yawan barin fitila a kunne. Ta maimaita masa, ya ce ya ji. Ta ba shi makulli ranar Asabar, laburare kuma ba ya buɗewa Lahadi.

Da ta shigo ranar Litinin ta ɗauka ɗaki ta ɓata. An manne tagogin babban ɗakin karatu da tsofaffin jaridu, ninki kan ninki, ko tsinken haske ba ya shigowa. Inda makunnan fitilu suke a bango an cike da siminti an shafe. A silin an lilliƙa wasu fararen abubuwa kamar rabin ƙwai. Kawu yana tsaye a tsakiyar ɗaki da hular kwano ruwan ɗorawa, babban yatsansa naɗe da bandeji.

"Kawu, nan ne lungun ban-ɗaki?"

"Can ma na yi. Auta, wuta tana da abokan gaba biyu, rana da ɗan yatsa. Rana ta shigo ta ɗumama ɗaki, na'urar sanyi ta yi ta wahala. Ɗan yatsa kuwa ya kunna ya manta. Na kawar da su duka."

"Ina makunnan?"

"Suna wuri mai aminci." Ya nuna silin. "Wannan ido ne. Ya ga motsi ya kunna, ba motsi ya kashe. Lokacin da aka ƙera shi, ni aka fara nuna wa a kamfani."

"Me ya sami yatsanka?"

"Gaisawa muka yi da wuta. Mun daɗe ba mu haɗu ba."

Masu karatu suka fara shigowa. Shekaru Shugaba ta kwashe tana koya wa mutanen nan zama wuri ɗaya. Ga allo a bango an rubuta A YI SHIRU, wanda ya cika jan kujera kuma kallo ɗaya take yi masa ya natsu. Kowa ya ɗauki littafinsa ya zauna ya sunkuyar da kai. Ba a daɗe ba fitilu suka mutu gaba ɗaya, ɗaki ya yi duhu kamar cikin tulu.

Ba wanda ya ce uffan, saboda doka. Can sai aka ji muryar Baba Mai Jarida, wani tsoho da yake zuwa kullum ya karanta jarida rabi ya yi barci rabi.

"Jama'a, wuta aka ɗauke ko ni ne na tafi?"

Wani ya yi atishawa, fitilu suka dawo.

"Kun gani?" in ji Kawu daga bakin ƙofa. "Ya duba ya ga ba kowa, ya kashe."

"Ɗakin fa cike yake," in ji Baba.

"To ku nuna kuna nan mana. Karatu aka ce, ba a ce a mutu ba."

Kafin rana ta raba, masu karatu sun tsara abinsu ba tare da an yi magana ba. In duhu ya sauka, teburin farko ya ɗaga hannu ya kaɗa. In ya sake sauka, na biyu. Wanda ya leƙo daga waje sai ya ga mutane a zaune fuska ba fara'a, suna yi wa silin bankwana. Da yamma aka fara rigima a kan layi, cikin raɗa. Wani mai shirin jarrabawar lauya ya ce shi ya kaɗa sau biyu a jere, ba zai sake ba sai an yi adalci. Aka zauna a duhu ana jiran adalci.

A nan ne Nas ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce, tana tashi daga asibiti ƙarfe biyu ta zo da kayan aikinta a jiki ta yi karatun jarrabawar ƙarin girma har a rufe. Gidansu cike yake da yara, ba inda za ta buɗe littafi sai nan. Ita ta fara lura cewa kusurwar Baba Mai Jarida ba ta yin duhu. Baba yana gyangyaɗi, kansa ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, idon da ke samansa yana gani.

Ta kwashi littattafanta ta koma kusa da shi. Washegari tun kafin Baba ya iso an cika teburinsa, an bar masa kujerar tsakiya, har wani ya zo masa da matashi. Matsala ɗaya ce, in barci ya yi nauyi sai ya kifa kai a tebur, motsi ya ƙare, wuta ta mutu. Nas ta ɗauki wannan aikin. Tana taɓa ƙafar kujerarsa da takalminta daidai gwargwado, yadda zai taso daga barci ya koma gyangyaɗi ba tare da ya farka ba.

Baba bai san abin da ake ciki ba. Ya dai ce wa Shugaba yaran yanzu sun fara sanin darajar manya. Ƙorafinsa a kan tagogi yake.

"'Yata, jaridar da nake nema tun bara, ga ta can an manna a taga. Na karanta rabin labarin a tsaye, sauran yana fuskantar titi."

Sai ranar da Baba bai zo ba, jikarsa ta haihu. Aka wuni ana kaɗa hannu. Wata mata ta shiga ban-ɗaki wuta ta mutu mata a ciki, ta fito ta ce da Ciyaman za ta yi magana, ba da kowa ba. Nas ta tsaya a ƙofar ofis ta ce, "Anti, shafi ɗaya nake kai tun ƙarfe biyu. Hannuna ya fi kaina karatu."

Shugaba ta kira Kawu ofis ta rufe ƙofa.

"Kawu, don girman Allah a dawo da makunnan."

"A koma zamanin ɗan yatsa? Da sunana a kan aikin?"

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce. Ta ce ta ji ana neman a kunyata ƙaninta a gaban baƙi, ita dai ba ta ce komai ba, amma a tuna shi ya yi ta goya Auta lokacin da take ƙyanda. Ta ƙara da cewa rediyo ta samu lafiya kwana biyun nan.

"Ba ni makulli na yau kawai," in ji Kawu. "Idon ne bai gama sanin mutanenki ba. Zan daidaita shi."

Washegari fitilu suka tsaya cak. Aka zauna shiru tun safe, ko ƙiftawa ba su yi ba. Masu karatu suka sauke hannuwa, Baba ya dawo ya tarar da teburinsa ba kowa, matashin ma an ɗauke. Kawu yana zagaye ɗakin hannu a baya, yana goge gumi da hannun riga.

"Ina hankicinka, Kawu?"

"Yana wanki."

Ƙarfe shida Shugaba ta fitar da kowa ta kulle ƙofa. Ta tsaya a waje tare da Kawu ta jira, ta jira, sannan ta sunkuya ta leƙa ta ramin makulli. Ɗaki fayau.

"Kawu, ba su mutu ba."

"Ya gan ki ne."

"Ta ramin makulli?"

"Idonki bai motsa ba da kika leƙa? Ki tafi gida, Auta. Kina juya baya zai kashe."

Bayan 'yan kwanaki mai shagon kwafin takardu na tsallaken titi ya tare Shugaba da Kawu a bakin ƙofa.

"Shugaba, kun fara aikin dare ne? In na rufe shago ina ganin haske ta cikin jaridun nan. In na dawo da sassafe ma haka. Ranar Lahadi ma haka."

"Tsaya," in ji Kawu. "Da ka duba, ka motsa ko ba ka motsa ba?"

"Na motsa mana. Da ƙafa na zo."

"To."

"Daga tsallaken titi zai gan ni, ta cikin jarida?"

"Ido ne na gaske, ba irin injinka mai cinye takardun mutane ba."

"Injina dai in na ce ya mutu yana mutuwa."

"Shi ya sa kake nan inda kake."

Shugaba ta kira Ciyaman ta roƙi aron makullin akwatin mita. Ya ce sai ƙarshen wata, kada a ce an taɓa mita. Ta kira mai gyaran wuta a ɓoye, ranar da Kawu ya tafi aski. Mutumin ya dubi simintin da ke bango, ya ce shi ba zai sa hannu ba sai an kashe babban makunni. Ta ce babban makunni yana cikin akwati, makulli yana aljihun Ciyaman.

"To wanda ya yi wannan aikin da wuta a jiki, yana raye?"

"Yana raye. Kawuna ne."

"Allah ya ba ki haƙuri," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Ranar ƙarshen wata Ciyaman ya zo da 'yan kwamiti da yamma, lokacin da ɗaki yake cike. Inna ma ta zo cikin kwalliya, don Kawu ya gaya mata za a ba shi lambar yabo. Shugaba ta so a wuce kai tsaye wajen mita a gama. Kawu ya riga ta tarar baƙin, da hular kwano a ka.

Da ya tsaya a gaisuwa da an rabu lafiya. Amma ya ga mutane sun kewaye shi suna saurare, abin da rabonsa da shi tun liyafar ritayarsa. Ya yi bayanin rana, ya yi bayanin ɗan yatsa. Ya ce manyan gine-gine uku sun aiko suna nemansa ya ce su bi layi.

"Ranka ya daɗe, ɗakin nan yanzu ya fi mutum hankali. In kowa ya tsaya cik, kafin ka ƙifta ido ya kashe kansa."

"To mu gani," in ji Ciyaman.

Kawu ya kai hannu aljihun da hankici yake zama, ya fito da hannu kawai.

"Ai ba sai an wahalar da manya ba."

"Ba wahala. Kowa ya tsaya."

Kowa ya tsaya. Masu karatu sun ƙware, ko numfashinsu ba a ji. 'Yan kwamiti suka ƙame, ɗaya da hannu a sama yana shirin gyara tabarau. Inna ta ƙame da jaka a hammata. Fitilu suna nan.

"Wani yana motsi," in ji Kawu. "Kai mai tabarau, hannunka yana rawa."

"Ya gaji ne."

"Ga shi can! Tsohon nan ne yake gyangyaɗi."

Nas ta tashe shi gaba ɗaya, ta riƙe masa kai da hannu biyu. Aka sake tsayawa. Fitilu suna nan.

Tun da aka gina laburaren ba a taɓa yin shiru irin wannan ba, har na'urar sanyi ta kai lokacin hutunta ta yi tsit. A cikin shirun aka ji wani abu daga sama, can ƙuryar ɗaki. Kirrr, ƙat. Kirrr, ƙat. Shugaba ta ɗaga kai, kowa ya bi ta da ido. A saman kantar manyan ƙamusoshi, inda ba wanda yake dubawa, an kafa fankar tebur a bayan wasu kwalaye. Tana juya kai dama da hagu, an ɗaure mata jan ƙyalle a gaba, yana kaɗawa daidai saitin idon da ke silin. Wayarta ta shige cikin silin kai tsaye.

"Wancan ba hankicin da na ba ka ba ne?" in ji Inna.

"Yaya, wannan mataimakin ido ne."

"Tun yaushe yake taimakon?" in ji Ciyaman.

"Dare da rana," in ji mai shagon kwafi, wanda ya shigo kallo. "Har Lahadi."

"A kashe ta."

Aka dubi bango. Aka dubi fankar, ita ma an cire maɓallanta an toshe gurbin.

"Abu mai sauƙi," in ji Kawu. Ya jawo tsanin ɗauko littattafai ya hau. Ya kai hannu dama, fanka ta juya hagu. Ya kai hagu, ta koma dama, hankici ya share masa fuska ya wuce.

"Injiniya, ka jira ta a wuri ɗaya, za ta dawo," in ji Nas.

"Kar ki koya mini aikina."

Ya saki tsani ya rungumi fankar da hannu biyu ya fizgo. Waya ta tsinke, wani abu ya yi tas a silin, tsani ya yi baya ya tsaya a kan ƙafa biyu. Kawu ya ƙame a sama da fanka a ƙirji. Kowa ya ƙame a ƙasa, baki buɗe, ba mai iya ko ɗaga ƙafa. Tsanin ya jingina da kantar baya ya tsaya a haka. Ana cikin wannan fitilu suka mutu.

Daga saman duhu aka ji muryar Kawu.

"Ranka ya daɗe, ka gani? Yana aiki."

Sai aka ji tsani ya zame, ƙamusoshi suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, fitilu suka dawo. Kawu yana zaune a ƙasa cikin littattafai, hular kwano ta rufe masa ido, fanka tana cinyarsa.

Ciyaman ya zagaya bayan gini, jama'a suna biye da shi. Ya buɗe akwati ya dubi mita. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya ce tun da ya zama Ciyaman bai taɓa ganin ta yi gudu irin na wannan watan ba. Shugaba ta roƙi a ƙara mata wata ɗaya ta gwada nata shirin. Ya ce ta kawo maganar a zaman kwamiti na baɗi.

Nas tana tsaye da littattafanta a ƙirji. Inna ta dube ta, ta tambaya yaushe ne jarrabawar, aka ce saura wata biyu. Ta juya wajen ƙaninta.

"Injiniya, falonka ai babba ne, kuma kai kaɗai ne a ciki."

"Yaya, wutar gidana fa..."

"Kai da mita take rage gudu in ka kalle ta?"

Daga ranar ɗaya ga wata laburare ya koma rufewa ƙarfe biyu. Mai gyaran wuta ya fasa siminti ya mayar da makunnan, waɗanda aka samo a ƙarƙashin gadon Kawu cikin kwalin takalmin roba. Aka ɓare jaridun tagogi, Baba ya karanta sauran labarinsa. Wutar da laburare yake sha ta ragu da kusan rabi, Kawu kuma ya buga kati mai ɗauke da sunansa, a ƙasa an rubuta cewa shi ne ya rage ta. Masu karatun yamma suna zuwa falonsa daga ƙarfe biyu zuwa shida, Nas a kujerar kusa da taga. Shi kuma yana zama a bakin ƙofa kusa da makunni, duk wanda ya fito daga ban-ɗaki ya tashi ya bi bayansa ya kashe fitila.